Yadda Za Ka Ɓoye Yoyon Manhajarka Har a Ƙara Maka Girma

Manhajar da ka rubuta tana aron wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta mayarwa, har injin ya cika ya sandare? Masana suna kiran wannan yoyo. Kada ka gyara. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka fita fes.

1. Ara ta ƙofa, ka mayar ta taga

In manhajarka ta ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowane irin inji da hanyar da ake mayar masa da abinsa. Kai zaɓi ɗaya ka liƙa wa kowa. A kwamfutarka komai lafiya lau. Ta sauran mutane kuwa, ai ba kai ka saya musu ba.

2. Mai gwaji

Mai gwada manhajojin ofishinku za ta zo teburinka, tabarau a goshi, ta ce tun safe manhajar ke kumbura a injinta. Kada ka ɗago kai. Ka ce, "Yaya, a wajena fa tana aiki." In ta ce zo ka gani, ka tuna kana da taro.

3. Nemo mai laifin da ba ya nan

Akwai Dogo, wanda ya bar aiki bara. Ambaci sunansa, ka girgiza kai, ka ce ba ka son gulma. Wanda ya tafi ba ya musu.

4. Sa wa matsalar suna mai daɗi

Ka sa manhajar ta riƙa kashe kanta tana tashi kafin ta shaƙe. Faɗa wa Oga sabuwar fasaha ce, sunanta "hutun inji". Zai maimaita a taro kamar shi ya ƙirƙiro.

5. Ranar nuni

Matar da za ta sayi manhajar tana zaune, Oga na murmushi, fankar kwamfuta ta fara kuka. Yi magana da sauri. Da allo ya soma nauyi, rufe murfin, ka tambaye ta ya yara.

6. Karɓi sakamako

Oga zai dafa kafaɗarka, ya ce kaf ofishin ba wanda ya san cikin manhajar nan kamarka. Daga yau kai ne shugaban masu farautar yoyon, kuma mai gwaji za ta dawo da kujerarta kusa da taka.

Gargaɗi: in asirinka ya tonu, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Teburinka na bakin taga dai, na riga na gaya wa Oga ina so.