Ranar da Oga Gidiyon Ya Nuna Hanyar Bayan Dutse

Wani mutum ne a wata ƙaramar majami'ar Yahudawa da ke gefen Abuja, ana ce masa Oga Gidiyon. Mutanen majami'ar nan Ibo ne, amma yawancinsu a Kano ko Jos aka haife su, saboda haka in hira ta yi daɗi sai ka ji an juye Hausa. Madam Devora, wadda muka yi koyarwa a makaranta ɗaya, ita ta ba ni labarin nan, kuma sai da ta tsaya sau uku tana share hawayen dariya.

Oga Gidiyon mai sayar da tayil ɗin daɓe ne, gajere, mai tumbi. Ba mugu ba ne. In an yi haihuwa shi ne na farko da katan ɗin lemo, in an yi rasuwa shi ne mai kawo kujeru. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa.

Su a addininsu Asabar ranar hutu ce. Daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari uku su fito ran Asabar, ba a kunna wuta, ba a taɓa waya, ba a shiga mota, ko makulli ba a fita da shi a aljihu. Don haka kusan kowa ya nemi gida kusa da majami'a. Wanda yake nesa kuma sai ya kwana wurin ɗan'uwa tun Juma'a.

Ban da Oga Gidiyon. Shi gidansa yana wata unguwa da ake kira Bayan Dutse, inda mota ma sai ta zagaya ta babban titi. Amma duk Asabar sai ga shi ya shigo, gumi sharkaf, takalmi buɗu-buɗu da ƙura, yana huci fuu, fuu.

"Shabat shalom, jama'a, barka da Asabar! Awa biyu cur! Ko ruwa ban tsaya sha ba."

"Sannu, Oga."

"Wane sannu? Ni ai ƙafar nan tawa ba irin taku ba ce. Shekara bakwai ina ratsa dutsen nan. Ko ido aka ɗaure min sai na kawo kaina. Yau ma wata kubuwa na tsallake, kaurinta kamar cinyata!"

Haka duk mako. In an zauna cin abinci bayan addu'a, kowa da burodinsa a hannu, sai labarin ya ƙaru. Macijin bara ya zama mesa bana. Rafin da yake tsallakewa da taku ɗaya ya koma kogi. Iyaye har misali suke yi wa 'ya'yansu da shi.

To ga gaskiyar magana. Layi uku bayan majami'a akwai wani mai wankin mota, Malam Haladu. Duk Asabar da sassafe Oga Gidiyon zai sulalo da motarsa, wata jar mota mai ƙyalli, ya ajiye ta can ƙarƙashin mangwaro. Sai ya buɗe but ya sauya takalmi, ya sa wani tsoho da ya tanada musamman don ƙura. Ya yayyafa ruwan leda a goshi da hammata. Ya miƙa wa Malam Haladu makulli, don kada a ji ƙararsa a aljihu. Shi kuwa Malam Haladu bai san dokar Asabar ba. Abin da ya sani kawai, bai taɓa ganin mai son tsabtar mota kamar wannan bawan Allah ba.

Ana nan, wata Asabar cikin damina, bayan an gama cin abinci, shugaban majami'a Pa Azariya ya buga tebur da tafin hannu. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in, ba ya ɗaga murya.

"Kun ga yau Pa Nahum bai zo ba," in ji shi. "Shekaranjiya ya zame a banɗaki, ƙafa ta kumbura, likita ya ce kada ya taka. Yau kuma shekara ɗaya cif da rasuwar matarsa."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Akwai addu'ar da suke yi don tunawa da mamaci, Kadish, kuma ba a yin ta sai maza goma sun hallara. Tara ba su isa ba. In rana ta faɗi kuma, ranar ta wuce. Shekara arba'in da shida Pa Nahum ya yi da matarsa, ya kuma yi wata guda yana ƙirga kwanakin wannan rana.

"Tunda ba zai iya zuwa ba, mu za mu je," in ji Pa Azariya. "Mu tara ne a nan, shi na goma. Babu wanda zai tsaya a baya."

Wani malamin lissafi, Ticha Efrayim, ya ɗaga hannu. "Pa, ai a Bayan Dutse yake. Mu a mota muka san wurin. Wa ya san hanyar ƙafa?"

Kawuna takwas suka juya lokaci ɗaya.

Oga Gidiyon ya ga duk shi ake kallo. Ya yi tari. Ya sha ruwa. Ya dubi silin.

"Allah ya yi mana gyaɗar dogo," in ji Pa Azariya. "Ga jagora a cikinmu."

"E... ai... hanyar da wuya fa, Pa. Ina tausayin gwiwarku."

"Gwiwata ta gode. Tashi mu je."

"Ga macizai."

"Ai ka saba da su."

Madam Devora ta leƙo daga wajen mata. "Oga, mu ma za mu biyo ku in mun kintsa wurin nan. Ta ina za mu bi?"

Oga Gidiyon ya karkaɗa hannu sama, ya nuna gabas da yamma gaba ɗaya. "Ku miƙe kawai, Madam. Ku miƙe."

Ƙarfe ɗaya suka fita. Hanyar ƙafar kuwa, ashe daga gindin mangwaron Malam Haladu ta fara. Oga Gidiyon bai san haka ba. Shi dai ya san ko sama za ta faɗo ba zai bi da su ta layin nan ba. Da suka zo mararraba ya hango jan fenti na walƙiya ta dama, sai ya yi kwana hagu, fit!

"Oga, ba dutsen ne can ta dama ba?" in ji Ticha Efrayim.

"Ticha, lissafi daban, hanya daban. Biyo ni."

Suka bi shi. Suka ratsa kasuwar tumatir. Suka ratsa bayan wata makaranta. Suka wuce wata mata mai gasa masara a bakin kwalbati, ta ce musu sannu. Suka faɗa gonar dawa wadda ta fi su tsayi, maza tara da fararen riguna da ƙananan huluna, ba ka ganin komai sai ganye na motsi. Suka fito a bakin wani rafi da ya cika ya batse.

"Wannan ne wanda kake tsallakewa da taku ɗaya?" in ji Ticha.

"Ya ƙaru."

"Daga safe zuwa yanzu?"

"An yi ruwa a tudu."

Suka juya. Oga Gidiyon yana gaba, kuma a karon farko cikin shekara bakwai gumin da ke jikinsa nasa ne. Tsohon takalmin nan da bai taɓa tafiyar da ta wuce layi uku ba ya fara buɗe baki. Taku ɗaya, fal. Taku biyu, fal, fal. Wani ƙadangare ya gifta, sur! Oga ya daka tsalle ya rungume Pa Azariya.

"Kubuwa!"

"Sake ni, ɗana. Ƙadangare ne."

Can wajen ƙarfe huɗu suka ɓullo a bakin wani kwalbati. Ga mata tana gasa masara.

"A'a! Sannunku da dawowa," in ji ta.

"Ba ita ba ce," Oga Gidiyon ya yi saurin cewa. "Ƙanwarta ce. Kama suke."

"Oga, mu tambaya mana."

"Tambaya? Ni? Ticha, kana so mutanen unguwar nan su yi min dariya? Kowa a nan ya san ni!"

Mai masara ta dube shi sama da ƙasa, ta ci gaba da fifita.

Suka sake zagaye. Wannan karon ta bayan wata rugar Fulani, inda kare ya raka su da haushi har iyakar shinge. Ƙarfe biyar da kwata, rana ta fara ja, sai ga kwalbati, ga hayaƙi, ga mai masara.

"Ikon Allah," in ji ta. "Baba, wani abu kuka yar ne?"

Babu wanda ya yi dariya. Pa Azariya ya ɗaga kai ya dubi rana, ya daɗe yana dubanta. Kowa ya san yana tunanin tsohon da ke kwance yana sauraren motsin ƙofa. Sai ya ratse ta gefen jagora, ya rusuna kaɗan.

"'Yata, Bayan Dutse muke nema."

"Bayan Dutse? Ai kun ba shi baya. Ku bi wannan 'yar hanyar, ku haura tsakanin duwatsun can biyu. Yara ma a minti arba'in suke zuwa."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Oga Gidiyon. "An canza hanyar ne."

Hawan dutsen nan, ba a magana. Rabin tafiya tafin takalmin Oga ya rabu da shi gaba ɗaya, ɓaras. Ya zauna daɓas a kan dutse, yana numfashi kamar zugazugi.

"Ku je kawai. Ku bar ni a nan. Ku gaya wa matata..."

"In mun bar ka mun zama tara har da Pa Nahum," in ji Ticha Efrayim. "Wannan lissafin dai na iya shi. Ku kama min shi."

Haka aka haura da gwanin tafiya, mutum biyu a hammata, ɗaya yana turi ta baya.

Shida ta gota suka gangaro layin Pa Nahum, ƙaya a wando, laka har gwiwa. Da Oga Gidiyon ya hango gidan sai ƙarfi ya dawo masa. Ya ture masu riƙe da shi, ya gyara hula, ya wuce gaba.

"Kun gani? Ban ce zan kawo ku ba? Da gangan na bi da ku ta doguwa, don ku ɗanɗana abin da nake..."

Sai ya ja birki, cak.

A ƙofar gidan Pa Nahum, ga jar mota an wanke ta tas, har taya na sheƙi. Ga mata zaune a baranda sun miƙe ƙafa, sun huta har sun gaji da hutawa. Ga Malam Haladu jingine da bonet yana sakace.

"Oga! Barka da isowa!" Ya taho da fara'arsa. "Wallahi yau sa'a aka yi. Walima gare mu a unguwar nan, ina ta tunanin yadda zan rufe da wuri ga motarka a hannuna. Sai ga su Madam suna tambayar hanya. Na ce ai ku mutanen Oga ne, ku shigo in kai ku. Suka ce su ba sa shiga mota yau. To, sai na sa ta a giya ɗaya, ina gaba suna biye, har inda hanya ta ƙare, na nuna musu tsakanin duwatsu, ni kuma na zagayo ta titi."

"Tun uku da rabi muke nan," in ji Madam Devora, tana duban farcenta.

"Wannan... wannan ba motata ba ce. Kama suke."

"Haba Oga, motar da nake wankewa duk Asabar shekara bakwai? Ga takalminka mai kyau ma a but, na goge maka." Ya ciro makulli ya miƙa, yana lilo, cakal, cakal.

Oga Gidiyon ya maida hannuwa baya.

"Malam," in ji Pa Azariya a hankali, "mu yau ba ma taɓa makulli."

"To! Ai kuwa da safe da hannunsa ya miƙo min."

Ticha Efrayim ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Sai ga murya daga cikin ɗaki. "Azariya! Ku ne? Ku nawa?"

"Tara, Nahum."

"To me kuke jira? Rana za ta tafi!"

Suka shiga da lakarsu. Pa Nahum yana zaune a gado, ƙafa a kan matashi, an jingina shi da bango. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan Oga Gidiyon, wanda ya laɓe bayan ƙofa da takalmi ɗaya da rabi.

"Matso, ɗana. In ba kai ba mu cika ba."

Aka yi addu'a. Da aka zo Kadish muryar tsohon ta yi rawa, sannan ta tsaya daram. Mutum tara suka amsa masa Amin, kuma Madam Devora ta ce ba ta taɓa jin Oga Gidiyon ya faɗi wata kalma a hankali haka ba. Suna idarwa, hasken da ke kan taga ya ɗauke.

Mata suka kawo abincin da aka dafa tun Juma'a. Aka kawo wa Oga ruwa a roba ya tsoma ƙafa, duk ta yi bororo. Babu wanda ya ce masa uffan, sai miƙo masa nama ake ta yi, abin da ya fi zagi ciwo. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai bakin nan ya motsa da kansa.

"Gaskiya dai, Pa, in ba don ni ba..."

Pa Nahum ya kamo hannunsa ya riƙe, yana murmushi.

"Gaskiya ne, ɗana, ka sha wahala, na kuma gode. Likita ya ce sai na yi wata guda a kwance, ga Azariya ya ce za ku dawo mako mai zuwa. Amma kada ka wahalar da kanka da jagora. Kai dai ka bi bayan su Devora. Motar ce za ta shige gaba, tunda ita ta san hanya."