Yadda Ake Riƙe Fadamar Marayu da Rake

Kwanan nan duk shirin shari'a da ka kunna a rediyo, lauyoyi kuka suke yi wai ƙararraki sun yi wa kotuna yawa, ana shekaru ba a yanke hukunci ba. Kuka kawai suka iya, ba wanda ya tsaya ya koya wa jama'a yadda ake yin abin. To ni zan koya maka, kai da ɗan'uwanka ya rasu ya bar 'ya'ya mata da fadama mai kyau. Na ɗauki karatun nan a gaban gwani, Baffa Zailani na Gazara, ƙanin mahaifinmu, kuma fadamar da ya yi darasin a kanta tamu ce. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin shekara huɗu cur kana shan rake ba mai taɓa ka.

1. Shiga da sunan taimako

Kada ka jira sadakar arba'in. Ranar bakwai ka zauna gaban matar mamaci, ka sunkuyar da kai, ka ce 'ya'ya mata ba su san kan ban ruwa ba, kai za ka kula da fadamar kafin a raba gado. Mahaifiyarmu, Inna Zulai, har addu'a ta yi wa Baffa. Bayan shekara, in an tuna maka da rabo, ka yi mamaki. Ka ce ai fadamar taka ce tun asali, aro ka ba marigayi.

2. Kada ka shuka masara

Nan marasa wayo ke faɗuwa. Masara wata huɗu an girbe, gona ta zama fili, kowa na iya shiga da igiyar awo. Rake za ka dasa. Yana kusan shekara a ƙasa, in an sare kuma gindin ya sake tohowa. Duk ranar da aka ce za a zo duba iyaka, ka roƙi arziki a bari a sare, kada a tattake wahalar bawan Allah.

Kuma kada ka sare gaba ɗaya. Fara daga gabas kana kai wa masu mazarƙwaila kaɗan-kaɗan. Kafin ka isa yamma, gabas ya kai ƙugu.

3. In sammaci ya zo, kai shi masallaci

Babbar 'yar ce za ta kai ka ƙara, wadda ta yi kwaleji take koyarwa a firamare. Wato ni. Bayan sallar la'asar ka ɗaga takardar a gaban jama'a, ka tuna musu kai ka yanka ragon sunanta, ka ce ga abin da boko ke haifarwa. In hawaye ya zo, bar shi ya yi aikinsa.

Cikin mako guda dangi suka daina amsa gaisuwata. Gwaggo Mairo, yayar Baffa, ta aiko cewa kada in taka gidanta ranar sunan jikarta. Na je, na durƙusa na gaishe ta, na ci shinkafa faranti biyu.

4. Tanadi uzuri

Shaidu ba sa magana sai kana wurin, saboda haka kada ka kasance a wurin. Hawan jini na ɗaukar zama biyu. Fashewar tayar babur na ɗaukar ɗaya. Jana'iza ta fi komai, amma ka riƙa tuna wanda ka binne. Baffa ya binne surukinsa na Likoro sau biyu, har magatakardan kotu ya tambaye shi ko na farkon ne bai kama ba. In aka sauya alƙali, ka nemi a faro daga farko domin sabon ya ji da kunnensa.

Manufar ita ce 'yar ta gaji. Yawanci suna gajiya. Ni dai duk zama ina nan, da damina ma haka ɗan acaba ke sauke ni hijabi duk taɓo, in zauna a benci ina duba littattafan ɗalibaina har a kira sunana a faɗa mini sabuwar rana. Inna ta ce in bar wa Allah. Na ce mata ai wurinsa na kai, ta ƙofar da ya buɗe.

5. Kula da lafiyar shaidu

Shaidunmu biyu ne, tsofaffin da suka ga ranar da kakanmu ya ba mahaifinmu fadamar: tsohon mai unguwa da Malam Sama'ila. Baffa kan je gaishe su duk Juma'a, ya zauna ya saurari tarinsu da kyau. A shekara ta huɗu mai unguwa ya cika. Baffa ya fi 'ya'yansa kuka.

Zama na gaba, karon farko, na iske shi ya riga ni zuwa, cikin sabuwar babbar riga.

"Rumaisa 'yata, kin ga ikon Allah ko? Shaida ɗaya ai ba shaida ba ne. Ki zo gida a yi sulhu, in ɗaura miki rake ki kai wa Innarki."

Na ce, "Na gode, Baffa. Mu dai shiga."

6. Kada ka bar ta ita kaɗai a benci

Wannan matakin Baffa bai san da shi ba, ni ce na ƙara maka. Duk ranar da yake can yana binne mutane, ni ina zaune ina sauraron shari'ar wasu. A nan na ji cewa a maganar dukiya, shaida ɗaya adali da rantsuwar mai ƙara sun isa. Na je na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya buɗe littafi ya nuna mini.

Malam Sama'ila ya shigo da sandarsa ya faɗi abin da ya gani. Alƙali ya tambayi Baffa ko yana da suka a kan shaidan, Baffa ya ce ai ya tsufa. Alƙali ya ce shekara huɗun da suka wuce bai kai haka ba. Muka yi alwala, ni da Inna da ƙanwata Mukarrama, muka rantse.

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, to raken fa? Bai nuna ba."

Alƙali ya ba shi kwana talatin ya sare, ya nuna ko bai nuna ba, ya kuma tone gindin. Da aka raba gado Baffa ya sami rabonsa na ƙanin mamaci, wani siririn gefe a bakin rafi. Shi ne dai abin da zai samu tun ranar farko, har da addu'ar Inna a kai.

Sanarwa

Ni malamar firamare ce, ba lauya ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da tulin ɗanyen rake wanda masu mazarƙwaila suka ƙi karɓa, kada ya nemo ni. Haka kuma ba ruwana in 'yar ɗan'uwanka ta zama maƙwabciyarka a gona, ta dasa albasa har bakin iyakarka, kuma duk Asabar ta tsaya a gaban 'yan ƙwadago ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baffa, ina kwana, ya ƙoƙari?" Dole ka amsa, kuma da ƙarfi, don tana jira.