Rasuwar Gwaggo Mai Raba Ruwa da Laka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yau ba su bushe ba, Malama Bilkisu Zakariyya'u ta Makera tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, wadda ta cika ranar Talata da azahar, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki.

Ga wanda bai san marigayiya ba, na'ura ce, irin wadda masu ilimi ke kira santirifuj. Ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai murfi, a jera mata kwalabe a ciki, ta yi ta juya su da gudu har laka ta kwanta a ƙasa, ruwa garau ya tsaya a sama. Sana'arta ke nan tun tasowarta, ba ta taɓa canjawa ba.

An haife ta a ƙasar waje. Ta yi ƙuruciyarta a ɗakin gwaje-gwajen wata masaƙa a Kakuri, tare da marigayi Malam Zakariyya'u, mahaifin Bilkisu. Da masaƙar ta rufe kowa ya kama gabansa, shi kuwa Malam ya bi na'urar har wurin gwanjo, ya ɗauko ta a kura zuwa ɗakin bayan gidansa. Shi ya raɗa mata suna Gwaggo, don ba ta fara aiki sai ta yi mita tukuna: ƙur, ƙur, ƙur, sannan wuuuu, har kwanuka su kama rawa a gidan maƙwabta.

Malam ya rayu da buri guda. Yana kiwon wasu ƙwayoyin halitta a tanki, yana ciyar da su dusa, su kuma su fitar da sinadari mai zare gashi daga fatar akuya, a hutar da masu jima daga gubar da ke cinye musu hannu. Kiwon ba wuya. Wuyar tana zuwa bayan tanki ya nuna: ruwa kamar kunun da ya kwana, ga wari, sinadarin kuma ɗan mitsitsi a cikinsa. Sai Gwaggo ta raba, a tace, a zuba gishiri na musamman ya kwantar da shi, ta sake rabawa, sannan a busar ya zama farin gari. Kullum ko ya fito da datti ko ya fito ba ƙarfi. Har Allah ya karɓi ransa, Malam bai ga farin garin nan da idonsa ba. Ya bar wa 'yarsa tankin, da ƙwayoyin, da Gwaggo.

Marigayiya mai adalci ce, wallahi. In kwalba ɗaya ta fi wadda ke fuskantarta nauyi, sai ta ƙi, ta kama tafiya a kan tebur har sai an daidaita. Tana da doka: bayan kowane juyi a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul ta huce. Maƙullin murfinta ya karye tuntuni, don haka dole a danne murfin da tafin hannu har ta tsaya. Malam ya danne shekara da shekaru, har fenti ya goge ya bar shatin hannunsa, yatsu biyar ras. A cikin shatin nan Bilkisu take ɗora nata hannun, wanda bai taɓa cika shi ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Tanki ya nuna irin nunar da bai taɓa yi ba, ana tsakiyar zafin bazara, kuma irin wannan ruwan ba ya jiran kowa, in ya wuni ya lalace. Sai ga wuta an kawo da hantsi. Wa ya san lokacin da za a ɗauke? Bilkisu ta yi juyi a kan juyi, tawul yana rataye a ƙofa. Masu cewa ta yi gaggawa, su zo su zauna a Makera su gani ko wuta na jiran wani ya huce! Gwaggo ba ta ƙi ba. Muryarta ce dai ta dishe, ƙauri ya tashi, ta ce gau, ta yi shiru. Maƙwabciyarsu Celina ta shigo a guje ba takalmi, ta zaci tukunyar gas ce ta fashe. Friday mai gyaran inji ya zo ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya cire hula. Ya ce wayoyin sun ƙone, sandar tsakiya ta tsage, masu ƙera irinta ma sun daɗe da bari, sai haƙuri.

Amma da aka ɗaga murfi, kwalaben ƙarshe suna nan a rabe tas, ruwa garau. Ta gama aikin kafin ta cika. Daga abin da ta raba aka samu farin gari cikin cokali. Hamza mai jima a Tudun Wada ya gwada a fatar akuya, gashi ya bi yatsunsa ya zube. Ya ce a riƙa kawo masa duk mako. Bilkisu ta tsaya tana kallonsa, ta fashe da kuka a gaban mutane.

Marigayiya ta bar tanki, wanda aka zubar da ragowar cikinsa a kwata, da matata, da firji mai yawan suma, da kwalabe marayu.

Za a fitar da ita ranar Asabar da safe, 'yan gwangwan za su zo da kura. Ana roƙonsu don Allah kada a jefa ta, kada kuma a sa mata guduma sai an fita daga layin. Ana karɓar gaisuwa a gida. Wanda ya san bakinsa zai ce ai ƙarfe ne kawai, an yafe masa zuwa.

A ƙarshe, masu ɗaukarta za su tarar da ita ba murfi. Kada su tambaya. Murfin ba ya cikin abin da za a auna, yana nan gida wurin Bilkisu.