Ranar da Kwamfutata Ta Ce Rabi

Na bugi ƙirji a ofishinmu cewa kwamfutata za ta tantance waɗanda za a sabunta wa kwantiragi. Na jera "e" da "a'a" a jadawalin aljabara, na sassauta su zuwa lambobi tsakanin 0 da 1 yadda lissafin kalkulas zai riƙa gyara su kaɗan-kaɗan. Sai dai na manta in mayar da amsar ƙarshe zuwa e ko a'a.

A taro, Hajiya Darakta ta ce, "Injiniya, fara da sunanka."

Na latsa maɓalli, allo ya nuna 0.5.

Kwana uku ban iya cin abinci ba kafin takardar sabunta kwantiragina ta fito. Har yau in na iso daga Kurudu, rabin ƙofa maigadi yake buɗe mini.