Farin Yadin da Na Samo a Sito

Ba zan taɓa mantawa da Ƙaramar Sallar shekarar korona ba, kuma ko na so mantawa, hoton yana nan rataye a falonmu na unguwar Al Nahda a Dubai, kullum sai mun haɗa ido.

A shekarar ne surukata, Hajiya, ta maƙale a Dubai. Daga Umara ta biyo don ta ga jikokinta na sati biyu, sai aka dakatar da tashin jirage, sati biyu ya koma wata uku. Ni kuwa duk tsawon lokacin nan neman hanyar burge ta nake yi. Shekara bakwai ina auren 'yarta, amma in ta kalle ni sai in ji kamar ranar da na fara zuwa gaishe ta. (Ba faɗa take yi ba. Shirunta ne yake kashe min jiki.)

Duk Sallah mukan je wurin mai hoto a Deira a ɗauke mu, mu tura Kano. A wannan karon babu fita. Sai na bugi ƙirji na ce wa matata Zainab ta bar min komai, ni zan haɗa wurin hoto a falo.

Ta ce, "Baban Ummi, kai da ƙusa ma sai an kira maka maigadi?"

Na ce ta zuba ido kawai.

Ranar jajibere na shiga sito ina neman abin da zan rataya a bango. Can bayan akwatuna na ci karo da wata leda, a ciki farin yadi ne a ninke, sabo fil, ga faɗi ga tsawo. Na ɗauka ragowar yadin da Zainab take sarowa a kasuwar Al Sabkha ne. Ban tambayi kowa ba, don so nake a sha mamaki. Na kulle falo, na goge yadin tas, na rataya shi a ƙarfen labule. Na yanka jinjirin wata da taurari da kwali, na shafa musu gam, na barbaɗa ƙyalƙyali ruwan zinari, na manna. Da na ja da baya na duba, wallahi har tausayin mai hoton Deira na ji.

Da safe muka yi sallar idi a ɗaki, sannan na buɗe falo na ce, "Yalla, a shigo!"

Ummi da ƙanwarta suka hau tsalle. Zainab ta ce masha Allah, kuma daga muryarta na san da gaske take. Hajiya ce ta shigo a ƙarshe. Ta tsaya cak. Sannan ta taka a hankali har gaban yadin, ta kama gefensa ta murza da yatsu biyu.

"Malam, a ina ka samo wannan?"

"A sito, Hajiya," na ce, ina washe baki. "Wani yadi ne da ba a amfani da shi."

"Haka ne, ba a fara amfani da shi ba tukuna. Likkafanina ne. A Makka na saya, na tsoma shi a zamzam."

Zainab ta saki salati. Ni ban san lokacin da na durƙusa ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma a hawa na tara muke. Na manna wa likkafanin surukata taurarin kwali, har da jinjirin wata! Na miƙe a gigice zan fizgo shi, sai ta ɗaga hannu.

"Bar shi."

Ta ja da baya ta kalle shi tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo, babu alamar tsoro ko ɓacin rai a fuskarta.

"Ban taɓa ganinsa a buɗe haka ba," in ji ta. "Ashe yana da yalwa. Zai ishe ni har da saura."

Sai ta jawo kujera ta zauna a gabansa, ta gyara mayafi, ta ɗora jikokinta a cinya.

"A ɗauka. Gara in zauna a gabansa da yaran nan kafin in kwanta a cikinsa."

A tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali nake aiki, kullum ina ganin jiragen ruwa da suka fi unguwarmu ta Kano girma, ga benayen Dubai da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. Babu wanda ya taɓa sa tsigar jikina ta tashi kamar tsohuwar nan, zaune a gaban likkafaninta tana gyara wa Ummi ɗankwali. Na ji na zama ɗan mitsitsi. Da ƙyar na jingina waya a kan tebur na koma layi. A hoton kowa yana murmushi, Hajiya ta fi kowa haske, ni kaɗai nake kama da ɓarawon da aka kama a kasuwa.

Bayan an gama na ɓamɓare taurarin ɗaya bayan ɗaya, amma ƙyalƙyalin ya ƙi fita. Na ce, "Hajiya, ki yafe min. Bari in wanke shi."

"In ka wanke, zamzam ɗin fa?" Ta karɓa ta ninke abinta. "Bar shi haka. Idan an tambaye ni a can, zan ce aikin surukina ne."

Wannan ne karo na farko da ta taɓa zolayata a shekara bakwai.

Tana Kano yanzu, lafiyarta ƙalau, kuma duk Sallah in na kira gaisuwa sai ta ce, "Malam, bana me ka rataya?" Ni dai tun daga ranar, duk ledar da ban san mai ita ba, ko ta burodi ce, sai na tambaya kafin in kwance.