Kaka Fusae a Layin Taliyar Wasu

"Barka da hutawa, Kaka. Ashe nan aka mayar da asibitin?"

Shunpei ke nan yake gaida kakarsa a layin sabon shagon taliyar udon da aka buɗe kusa da tashar jirgin ƙasa a nan Sakaide. Laraba ce, ranar da Kaka Fusae ke rufe nata shagon. Ina bayansu na yi tsuru-tsuru, don tun ina yarinya taliyarta nake ci, yau ga ni a layin wasu. Ta sa takunkumi, ta jawo malafa har ido, sai ka ce akwai wanda bai san doronta ba a garin nan. Tun da aka buɗe wurin nan masu cinikinta suke zamewa, kuma babban tsoronta kada jikan ma ya bi su. Ya daɗe yana taka mata ƙullun taliya da ƙafa, amma ko murfin tukunyar romo ba ta taɓa barinsa ya ɗaga ba.

Ta ce, "Ban san ka ba, yaro. Matsa."

"Da safe kika ce wurin likitan gwiwa za ki."

"Kai kuma ka ce barci za ka yi har yamma. A cikin barcin ka taho?"

"Ni ƙafata lafiyarta ƙalau, dole in yi yawo."

"Wace ƙafa? Wannan da ƙullu ke yi wa dariya? Ina ɗauke da cikin ubanka nake take buhu guda ni kaɗai."

"Shi ya sa ya fito da kai a baje."

Layi ya kai mu ciki, kowa ya karɓi kwanonsa. Wurin zama ya yi ƙaranci, tilas na zauna kusa da su. Kaka ta sauke takunkumi, ta ɗago taliyar da tsinken cin abinci tana yatsina.

"Dubi abu kamar igiyar shanya. Inji ne ya yanka."

"To miƙo, in rage miki wahala."

"Taɓa ka gani."

Ta zuƙe ta da ƙarar da ta sa na teburin gaba suka waiwayo.

"A hankali, Kaka, kada haƙoran robar su bi ta."

"Haƙoran nan sun girme ka, kuma sun fi ka aiki."

Sai ta ɗaga kwanon ta kurɓi romon. Ta sake kurɓa, ta ajiye. Tausayinta ya kama ni. Ba ta dubi Shunpei ba ta ce, "Gaya mini gaskiya. Aiki ka zo nema a nan?"

"Sabuwar kaka na zo saya, marar faɗa. Aka ce sun ƙare."

"Shunpei."

Ya ajiye tsinkensa. "Ba inda za ni. Taliyarsu ba ta kama ƙafar tamu ba, amma romonsu ya fi naki. Harshenki ya tsufa, Kaka. Tun bara gishiri kike zabgawa, kowa na tsoron faɗa miki."

Ta juyo kaina, ashe tun a layi ta gan ni.

"Haka ne, Michiyo?"

Na nuna mata bakina cike da taliya. Da man Allah ya sa na cika shi da wuri.

Kaka ta kalli kwanonta. Can sai ta fashe da dariya har tana share ido, ta ɗauki soyayyen jatan landenta ta jefa a kwanon jikan.

"Ja'iri mai bakin tsiya. Gobe kai za ka ɗora romo. In ya yi daɗi, ni na koya maka."

"In bai yi ba fa?"

"Sai mu dawo nan tare mu nemi aiki."