Ranar da Na Ari Jaridar Bature

Ba zan taɓa mantawa ba da wautar da na tafka lokacin kullen korona. Ni dai a aji uku na firamare na tsaya, amma girman kaina na mai digiri ne.

A ƙasar waje nake kasuwanci. Shagona na yadi a titin Jalan Masjid India yana rufe, muna zaune a gida a unguwar Cheras, sai ɗan wani farfesa ya fito neman 'yata Hauwa. Tunda ba jirgi, aka sa ranar gaisuwar iyaye ta bidiyo. Na ci alwashin farfesan nan ba zai raina gidana ba.

Maƙwabcina wani tsohon Bature ne da kullen ya ritsa da shi, ƙanwarsa kan aiko masa da jaridun ƙasarsu a ɗaure. Na ƙwanƙwasa, na yi nuni, ya miƙo min ɗaya daga nesa. (A wurina duk rubutun Bature Turanci ne.) Na zuba babbar riga, na ɗauki tabaraun matata, na baje jaridar yadda sunanta zai cika waya.

"Alhaji, ajiye abin nan," in ji Hajiya.

"Boleh lah," na ce da yaren garin, wato zan iya. "Ki bar ni."

Farfesa na ganina ya washe baki. "Ikon Allah! Alhaji, wannan kake karantawa?"

"Kullum da safe. Ai mu manya sai ita."

Ashe jaridar ta Holan ce, kuma a can ya yi karatun noma! Ya shiga ba da tarihi: jaridar ta girmi kakansa, kuma ta direbobin tasi ce da mahauta, saboda manyan kanu da ƙwallo da gulma. Tsohuwar da ta ba shi haya ma ba ta shan shayi sai da ita. Ina ta gyaɗa kai. Sai ya juya harshe, ya zubo min doguwar tambaya da yarensu, kamar mai kakin majina.

Ban ja da baya ba. Na leƙa shafin, na ga hotunan dattawa an ƙawata su da furanni. Na ce, "Ai bukukuwan nan ne suka burge ni. Allah ya ba su zaman lafiya."

Farfesa ya sunkuyar da kai. "Shafin mamata ne, Alhaji."

An dai ɗaura auren. Tun daga ranar, in zan yi wa mutum burga, sai na fara binciken inda ya yi karatu.

A ranar gaisuwar kuwa, da aka kashe wayar, Hajiya ta zare tabaraunta daga fuskata ta ce, "Da shadda ka riƙe masa, da shi ne zai yi ta gyaɗa kai."